Tantin kamun kifi a kan ƙanƙara na mutum ɗaya: mai baho ko mai lema?

Ɗan Yauri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shan sanyin ƙasar nan. Wannan ne hunturuna na biyu a St. Cloud, jihar Minesota ta Amurka. Bara wani abokin aikina ya ɗauke ni zuwa tafkin Mille Lacs a watan Janairu, ya huda ƙanƙara, ya ba ni gajeruwar sandar fatsa da bokiti, na kife na zauna. A bakin Kwara na tashi, kakana masunci ne, amma ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana zan taka saman ruwa da ƙafata ina zura ƙugiya ta rami ba. Abin ya kwanta mini a rai ƙwarai. Sai dai iskar ranar ba ta bar ni na yi awa biyu ba. Zaren yana daskarewa, bakin ramin yana rufewa ina kwashewa da ludayi, har yatsuna suka daina jin ƙugiya.

Bana ina so in sayi ƙaramin tanti nawa na kaina. Na je shago na ga iri biyu. Ɗaya yana da baho na roba a ƙasa da kujera a ciki, ana jan sa da igiya, idan an isa sai a jawo rumfar ta kife a kan mutum. Ɗayan a jaka yake, ana ɓalle shi kamar lema. Ga halina: Corolla gare ni, ina zaune a hawa na biyu, babu gareji, a ƙafa nake shiga tafki, kuma ni kaɗai. Abin da na ware bai wuce dala 500 ba. Wanne za ku ba ni shawara?

Baban Ilham:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa, ɗan masunta. Mai baho za ka saya, kada ka tsaya dogon tunani. Hunturu tara ke nan ina wannan harka daga Miniyafolis, kuma duka biyun na riƙe.

Dalili shi ne kifin ƙarƙashin ƙanƙara ba ya zuwa inda kake, kai ne kake bin sa. Za ka huda rami, ka zauna minti ashirin, shiru, ka tashi ka matsa taku hamsin ka sake hudawa. A yini ɗaya kana iya sauya wuri sau goma. Da mai baho, tura rumfar kawai za ka yi baya, ka jefa sanda a ciki, ka kama igiya ka yi gaba. Ko minti ɗaya ba a yi. Injin huda, hita, bokitin ƙananan kifin tarko, fulas ɗin shayi, duk suna cikin bahon, ba ka sauke komai ba balle ka sake lodawa. Ai don haka aka ƙirƙiro shi. Wani mutumin Minesota ne, Dave Genz, ya fara haɗa irinsa wajen shekarar 1980, ya sa masa suna Fish Trap, daga baya kamfanin Clam ya riƙa ƙera shi. Kafin nan mutane a ɗakin katako suke zama wuri guda suna jiran rabo.

Sannan nauyinka ne turkensa. Kana zaune a kan kujerar, iska ba ta da yadda za ta yi da shi.

Injiniyan Winifeg:
Baban Ilham, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka sake karanta saƙonsa. Ya ce Corolla, ya ce hawa na biyu, ya ce babu gareji. Kai kana da a-kori-kura da gareji, shi ya sa ba ka jin nauyin abin.

Ɗan'uwa, mai baho na mutum ɗaya, idan mai bargo ne, yana kai kilo 20 zuwa 30 tun ba a sa komai a ciki ba, kuma ba ya naɗuwa. Yadda bahon yake haka zai shiga mota, haka zai hau bene. Ka dawo da daddare a gajiye, ga dusar ƙanƙara ta manne masa, ka rungumi wannan abu ka hau matakala, ka kai shi falo ya narke a kan kafet. Sau uku za ka yi, a na huɗu za ka fara neman dalilin fasa fita. Mai lema ƙarami, irin wanda ake rubuta wa na mutum biyu, kusan kilo 10 ne, a jaka mai tsawon da zai kwanta a kujerar baya. Kuɗinsa ma kusan rabin na mai baho ne. Ragowar ka sayi hita da baho na daban mara rumfa, wanda ba shi da tsada, ka riƙa jan kayanka a ciki.

Mu nan Manitoba ta ƙasar Kanada a tafkin Winifeg muke yi, inda sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma mai lema nake amfani da shi shekara shida.

Baban Ilham:
Injiniya, to faɗa masa yadda ake kafa mai lema mutum ɗaya cikin iska. Kada ka ɓoye masa wannan.

Injiniyan Winifeg:
Ba zan ɓoye ba, nan ne rauninsa. Wanda bai iya ba, yana ɓalle shi iska za ta ɗauke, kuma a kan tafki babu bishiya babu katanga da za ta tare. Na ga tanti yana mirgina mai shi yana bin sa da gudu har ya haƙura.

Ga yadda ake yi. Kafin ka buɗe komai, ka juya wa iska baya, ka murɗa turke ɗaya a ƙanƙara ta kusurwar da iskar ke bugowa. Turakun kamar manyan sukurori suke, masu mariƙi. Sai ka ɓalle gefe ɗaya bayan ɗaya, rufin a ƙarshe daga ciki. Ka kafe sauran kusurwoyin, sannan ka ɗaure igiya daga cibiyar bangon da ke fuskantar iska zuwa wani turke a waje, in ba haka ba iska mai ƙarfi za ta turo bangon ciki ya faɗo maka a kan hita. Ka tara dusa a kan leɓen da ke ƙasa don kada iska ta shigo ta ƙarƙashi. Idan kana da injin ɗaure sukuru mai batir, akwai ɗan kan da ake saya a sa masa ya murɗa turakun, da hannu kuwa akwai wahala a ƙanƙara mai tauri. Da sabo minti biyar ya isa.

Amma na yarda, wanda ya kafa turke biyar ba ya son tashi. Mai lema na zama ne.

Auwalu Fagge:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni daga Kano nake bin ku. Wai idan ruwan ya daskare har mutum yana tafiya a kai, kifin ba ya mutuwa?

Injiniyan Winifeg:
Malam Auwalu, saman ne kawai ke daskarewa. Ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, shi ya sa take tsayawa a sama ta zama murfi. Ruwa kuma ya fi nauyi idan yana digiri 4, sai ya kwanta a ƙasa, kifi ya ci gaba da rayuwarsa a ciki, sai dai ya rage kuzari da ci. A tsakiyar hunturu murfin yakan kai kusan mita ɗaya a nan wajenmu.

Kawu na Fargo:
Salamu alaikum. Yaran nan kun yi ta maganar kilo da minti, babu wanda ya tambayi yaron a ina zai yi salla.

Ɗana, ka duba lokaci. A ƙarshen Disamba a yankinmu Azahar tana shiga da sha biyu da 'yan mintuna, La'asar biyu da wani abu, rana ta faɗi wajen huɗu da rabi. Kifin nan da ake ce wa walleye, wanda kowa ke nema a Mille Lacs, ya fi cin ƙugiya daidai faɗuwar rana. Ke nan duk ranar da ka fita, salla uku za su same ka a kan ƙanƙara. Ni shekarar farko mai baho na saya. Ba a iya miƙewa tsaye a cikinsa, rufin bai kai tsayin mutum ba, gabanka kuma rami ne da hita, babu wurin sujada. Sai in fito waje in shimfiɗa darduma cikin iska. Akwai ranar da na ɗago daga sujada gemuna ya yi fari da ƙanƙara, tafin hannuna ya yi jawur, na kasa natsuwa a raka'a biyun ƙarshe. Wannan ya dame ni fiye da kifin da ban kama ba.

Da na koma mai lema sai abin ya zo da sauƙi. Ina huda ramukana biyu a gefe ɗaya, in bar ɗaya gefen. Na sayi tabarmar roba mai kauri irin wadda ake shimfiɗa wa yara, mai haɗuwa da juna, ita nake fara sawa kafin darduma, domin waɗannan tantuna ba su da daɓe, ƙanƙara ce ƙasan. Alƙibla nake fara dubawa a waya kafin in kafa turke na biyu. Alwala daga gida nake yi, in sa huffi a kanta. Idan ta karye, ga ruwan ɗumi a fulas, in yi a bakin ƙofa kusa da hita, in shafa a kan huffin.

Abu ɗaya, ka duba tsayin tantin a jikin kwali, ka gwada da naka tsayin. Ƙananan na mutum biyu wasu ba sa kai ƙafa 6 a tsakiya, kuma faɗinsu ƙafa 5 ne kowane gefe, sai mutum ya yi salla daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan kai dogo ne, ɗauki na mutum uku. Bambancin nauyin kaɗan ne.

Ɗan Yauri:
Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Wallahi wannan bai zo mini ba sam, kuma bara a mota na rama La'asar. Tsayina ƙafa 5 da inci 11.

Baban Ilham:
Kawu ya kawo hujjar da ba zan ja da ita ba. Ni nakan ja bahon ya zama mini kariya daga iska, in yi salla a bayansa, amma gaskiya ranar da sanyi ya yi tsanani gaggawa ake yi. Duk da haka ina nan a kan cewa mai baho ya fi kama kifi.

Tunda dai ka karkata, bari in faɗa maka abin da ya shafi kowanne. Kada ka sayi mai yadi falle ɗaya. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai bargo, wato yadi ruɓi biyu da aka ɗinke da wani abu kamar auduga a tsakani. Gas ɗin hita idan yana ci yana fitar da tururi, ga numfashinka. A mai falle ɗaya tururin yana taruwa a rufi ya zama raɓa, ya riƙa ɗigo maka a wuya, idan ka kashe hita ya daskare, ka naɗe tanti kamar busasshiyar fata. Mai bargo ba ya wannan gumin sosai, yana riƙe zafi, gas ɗinka ya daɗe, kuma ba ya kaɗawa da ƙara cikin iska. Lambar da za ka gani a jiki, 300 ko 600, kaurin zaren yadin ne, babbar ta fi jure wahala.

Ka kuma ja zif ɗin ƙofar da safar hannu a shago kafin ka biya. Tantina na farko mai araha ne na saya a intanet, a fita ta huɗu zif ya ci yadi ya tsage, na ƙarasa yinin ina riƙe ƙofa da ƙafa. Manyan haƙora ake nema a zif, da mariƙi mai igiya.

Maman Sadik:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na kamun kifi, maigidana ne ke yi, amma ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma tunda aka ambaci hita ba zan yi shiru ba.

Ƙanena, ka san yadda muke jin labari a gida, iyali sun kwana da janareta a cikin ɗaki ko sun shiga da gawayi lokacin sanyi, an wayi gari babu su. Iskar nan ce dai, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tantin da Baban Ilham ke yaba maka saboda yana riƙe zafi, haka yake riƙe ta. Akwai 'yan tagogin iska a sama, a buɗe su tun kafin a kunna hita, ko da sanyi na shigowa. Idan ka tara dusa a ƙasa kamar yadda Injiniya ya ce, ka bar zif ɗin ƙofa a ɗan buɗe.

Hitar da aka fi amfani da ita, Buddy ta kamfanin Mr. Heater, tana kashe kanta idan ta faɗi ko iskar shaƙa ta ragu, amma wannan ba na'urar gano kabon monoksaid ba ce. Ka sayi ƙaramar na'urar mai batir ka rataya a ciki. Idan ka ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko barci na fizgar ka, kada ka ce gajiya ce, fita waje nan take. Abin da ya fi tayar mini da hankali a maganarka shi ne kalmar "ni kaɗai". Mutum biyu, ɗaya zai lura ɗaya ya fara magana ba daidai ba. Kai babu mai lura da kai. Kada ka yi barci da hita a kunne, don Allah.

Ɗan Yauri:
Na ji, Anti, kuma na sa na'urar a lissafi. Wace girman hita ta dace?

Injiniyan Winifeg:
Matsakaiciyar, mai ba da zafi daga 4,000 zuwa 9,000 a ma'aunin BTU. Ƙaramar kwalbar gas tana yin kamar awa uku idan ka ƙure ta, kusan shida idan ka rage. A mai bargo ragewar ta ishe ka yawancin ranaku. Ka tafi da kwalba uku, ka ɗora hitar a kan ɗan katako don kada ta narkar da ƙasan ta zama caɓi a ƙafarka.

Zan ƙara a kan na Maman Sadik. Hukumar albarkatun ƙasa ta jiharku, DNR, ta ce kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, kuma sabuwa mai haske kamar gilashi ake nufi. Farar da ta cakuɗe da dusa rabin ƙarfi gare ta, sai an ninka. Ka nemi dagi na ƙarfe ka riƙa soka gabanka a farkon hunturu, ka rataya ƙusoshin ceto guda biyu a wuya, a waje da riga, waɗanda ake cakawa a ja jiki idan an rufta. Wani malami a Jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, ya koyar da ƙa'idar da ya kamata kowa ya haddace idan an rufta cikin ruwan: minti ɗaya na daidaita numfashi, minti goma da hannu da ƙafa za su yi maka aiki, kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Kauri kaɗai ma ba ya isa a manyan tafkuna. A Nuwamban 2022 ƙanƙara ta rabu da gaɓa a tafkin Upper Red Lake na Minesota, sai da aka kwaso mutum kusan 200.

Kawu na Fargo:
Kuma ka faɗa wa wani sunan tafkin da mashigar da ka bi da lokacin dawowarka. Ko a nan gidan ka rubuta, muna gani.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaisuwa daga Kebek ta Kanada. Ni mai baho gare ni kuma a bene nake, amma a cikin mota yake kwana duk hunturu, na kwantar da kujerun baya. Sai dai yadin ba ya bushewa haka, ya fara warin gumi kafin Maris. Kowanne ka saya, ka baza shi ya bushe sarai kafin ka ajiye shi na bazara, kuma ka sa shi inda ɓera ba zai kai ba, suna son bargon nan su yi sheƙa.

Baban Ilham:
Dokoki kaɗan kafin ka fita. Lasisin kamun kifi dole ne, kuma na bana yana ƙarewa a ƙarshen Fabrairu. A kan ƙanƙara an yarda ka zura zare biyu a yawancin tafkuna. Tantin tafi-da-gidanka ba ya buƙatar lasisin kansa muddin kana tare da shi, sai idan za ka bar shi ya kwana ko ka yi nisa da shi fiye da ƙafa 200. Tun 2023 akwai tarar dala 100 ga wanda ya ajiye shara a kan ƙanƙara, saboda haka ka riƙe leda a baho. Mille Lacs kuma dokar walleye ɗinsa daban ce, tana sauyawa, ka duba ta kafin kowace fita.

Shawarata ta ƙarshe, kada ka fara da Mille Lacs kai kaɗai. Ga ƙananan tafkuna nan kewaye da St. Cloud, inda ba za ka ja kaya fiye da minti goma ba.

Kuma tunda ba ka taɓa zama a ko ɗaya ba, me zai hana ka gwada kafin ka kashe kuɗinka? Ranar Asabar ta sama zan fita idan ƙanƙara ta yi. Ka zo ka zauna a nawa, ka ɗaga shi da hannunka, mu gwada ko zai shiga bayan motarka.

Ɗan Yauri:
Na dawo da bayani. Jiya mun fita da Baban Ilham, Allah ya biya shi, har gida ya biyo mini. Mun auna ƙanƙara inci 9, mai haske.

Mai baho yana da daɗin aiki, wannan babu musu. Mun tashi sau bakwai, kuma sai a rami na shida muka samu kifi, ƙanana masu zane a jiki da ake ce wa perch, guda goma sha ɗaya. Da a wuri ɗaya muka kafe da ba mu samu ba. Amma da muka zo gwada shi a Corolla, sai da muka kwantar da kujeru, muka tura ta gaba, duk da haka murfin but bai rufu ba sai da igiya. Na ɗauke shi na yi taku ashirin a fili na ajiye, na tuna matakala goma sha shida ke jirana a gida. La'asar kuma a waje muka yi ta, goshina har yanzu yana tuna wurin.

Saboda haka yau na sayi mai lema na mutum uku, mai bargo, na shiga ciki a shago na miƙe da takalmina kaina bai taɓa rufi ba. Na haɗa da baho mara rumfa wanda ya shiga but daidai, da hita, da na'urar da Anti ta ce, da tabarmar Kawu. Na haura abin da na ware da dala 60. Dabarar da na yanke ita ce in riƙa yawo da baho da injin huda ina gwada ramuka a buɗe, sai inda na samu kifi sannan in kafa tanti.

Injiniya, turaku shida suka zo a jakar. Sun isa, ko in ƙaro?

Injiniyan Winifeg:
Ƙaro biyu, ɗaya yakan ɓace a dusa. Kuma ka kafa shi sau biyu a filin ajiye motoci na gidanku da safar hannu a hannunka, kafin ranar da za ka kai shi tafki.